Murhun itace na dawo da hayaƙi ɗaki

Mai tambaya, Jos: Jama'a, hunturu ya kawo jiki, murhunmu kuma sai dawo da hayaƙi falo yake. Ina matsalar?

Maƙeri, Bukuru: Malam, kunkunniya ce ta toshe bututun hayaƙin. Bari ya huce, ka ciro shi gaɓa-gaɓa, ka kankare da burushin waya. Bakinsa ya zarce tsinin rufi da ƙafa 2, in ba haka ba iska ta danno hayaƙin ƙasa.

Mai faskare: Ɗanyen itace ke tara kunkunniyar, har bututu ya kama wuta. A faskara, a jera kan duwatsu, a rufe sama kawai, wata 6 aƙalla. Busasshe bakinsa a tsattsage yake, ga rashin nauyi.

Hajiya, Rayfield: Don Allah kada a kwana da garwashi taga a rufe. Iskarsa ba ta wari, amma tana kisa.