Imel ɗin nan zan buɗe ko in bari?

Mai Shagon Ɗinki: Salamu alaikum. Da asuba aka turo min imel wai daga bankina, an rufe asusuna sai na cike takardar da ke haɗe. Kuɗin ɗinkin sallar mutane na ciki, hankalina ya tashi. Ya zan leƙa ba tare da na kwaso wa wayata cuta ba?

Ɗan Farm Centre (kasuwar waya a Kano): Wa alaikumus salam Hajiya. Karanta rubutun kawai a Gmail ba ya cutarwa, takardar da mahaɗin (wato link) da ke cikin imel ɗin ne masu haɗari. Taɓa sunan mai turowa, cikakken adireshinsa zai fito. In banki ne amma ya ƙare da gmail.com, ɗan damfara ne. Mahaɗin kuma ki danne shi da yatsa ki riƙe, zai nuna inda zai kai ki.

Malamin Makaranta: Ki shiga saiti ki hana hotuna buɗewa da kansu, da su ake gane kin karanta. Banki dai ba ya tambayar PIN ta imel.

Mai Shagon Ɗinki: Na duba, gmail.com ne kuwa! Na goge. Allah ya saka da alheri.