Abin da na tsinta daga hirar mata kan rikicewar al'ada gab da ɗaukewarta

Mun jima muna tattaunawa da mata 'yan'uwana a kan wannan batu, kuma shawarar da aka fi nanatawa ita ce: ki riƙa rubuta ranar da jini ya zo da ranar da ya ɗauke. Yawanci al'ada kan ɗauke tsakanin shekara 45 zuwa 55, amma kafin nan sai ta yi ta wasa da ke na wasu shekaru, saboda istirojin, wato sinadarin jikin mace da ke taimakawa wajen daidaita al'ada, yana hawa yana sauka. Wani watan ta zo sau biyu, wani lokacin ta yi wata uku shiru. Ba a cewa ta ɗauke sai an cika wata 12 babu ɗigo, don haka har yanzu ciki na iya shiga.

Wata ta ba da labarin yadda take farkawa tsakar dare, riga sharkaf da gumi, zafi na taso mata daga ƙirji zuwa fuska. Aka ba ta shawarar tufafi marasa nauyi da ɗaki mai iska. Bushewar gaba kuwa, wadda da yawa ke jin nauyin faɗa, tana da magani, a tambayi likita.

Inda na fi so a kula: jinin da ke jiƙa audugar mata duk awa, ko ya wuce kwana 7, ko ya zo bayan saduwa, ba abin jira ba ne. Haka ma wanda ya dawo bayan shekara da ɗaukewa, ko da ɗigo ne, a je asibiti a duba mahaifa.