Jama'a, me za mu kira antioxidant da Hausa?

Ɗan Samaru: Salam 'yan uwa. Ƙanwata ce ke karatun haɗa magunguna nan ABU, furojek ɗinta kan zogale da shuwaka da garafuni ne, za ta yi bayani da Hausa a rediyo toh sai kalmar antioxidant ta tsaya mata a wuya. Wa ke da fassara mai ma'ana?

Ɗan Kongo: Ai masu talla da lasifika a tasha sun gama mana, "mai wanke jini" suke cewa.

Malamin kemistiri, Basawa: A'a ɗan uwa, wannan kam yaudara ce, ba abin da yake wankewa. Abin da ke faruwa shine jiki na aiki da iskar oksijin, a cikin aikin sai wasu 'yan sinadarai marasa natsuwa su fito suna cin ƙwayoyin jiki, in suga ya yi yawa a jini kuma sai su ƙaru, shi ya sa ake haɗa binciken antioxidant da na ciwon suga wuri ɗaya. Aikin oksijin ɗin nan shi ke sa ƙarfe tsatsa, antioxidant kuma shi ke kashe ƙarfin 'yan sinadaran nan. Ni dai "makarin tsatsa" nake gaya wa ɗalibaina, tunda makari kowa ya san shi, abin da ke karya ƙarfin dafi ko sammu. A lab ma ruwan wani sinadari mai suna DPPH ake sawa, launinsa shunayya, in ganyen na da ƙarfi sai ya koɗe ya koma ɗorawa, a gwada shi da bitamin C.

Yaya daga Tudun Wada: Malam da girmanka amma tsohuwa ta ji tsatsa ai cewa za ta yi jikinta ba langa-langa bane. Me zai hana "garkuwar jiki"?

Malamin kemistiri, Basawa: Yaya an riga mu, garkuwar jiki ta zama ta masu rigakafi da ƙanjamau, in muka ɗauka za a cakuɗa. A ƙara jiki kawai, "makarin tsatsar jiki", sai mai bayani ya yi jimla ɗaya a kai.

Ma'aikaciyar jinya, Shika: Na yarda da makari. Amma wlh ni wata kalmar ce ke damuna, antidiabetic, don Allah kar ta ce "maganin suga" a rediyo, gobe za ka ga baba ya ajiye metfomin ɗinsa, ƙwayar suga ta asibiti, ya koma shan jiƙon shuwaka, sai ƙafa ta ruɓe a kawo mana shi. Yawancin binciken nan a kan ɓeraye ake yi, a yi musu allurar wani sinadari, aloksan, suga ya hau sannan a ba su ganyen a auna. Ta ce "mai alamar sauke suga". Ba raina tsiro nake ba fa, shi kanshi metfomin asalinsa daga wani tsiro ne na Turai, Galega, amma sai 1957 likita Jean Sterne na Faransa ya fitar da sakamakon gwada shi a kan mutane.

Ɗan Kongo: Toh extract fa, abin da ake cirowa daga ganyen? jiƙo ko tsimi?

Malamin kemistiri, Basawa: In da ruwa aka jiƙa, jiƙo ne ba gardama. Tsimi sai ya kwana biyu, kuma hankalin mutane wani wuri zai tafi. Wanda aka jiƙa da sinadarin metanol da ake tacewa a busar har ya yi danƙo ni "tatacce" nake ce mai, tataccen zogale, tataccen sassaƙen marke.

Ɗan Samaru: Madalla, na tura mata ukun. Ta ce Malam ya taimaka da flavonoid kuma, wani sinadari da ke cikin ganye, kafin Asabar.