Gwanjon tsofaffin takardu a Zariya: kowa ya faɗi yadda ta kaya masa

Mai buɗe zance, Tudun Wada

Assalamu alaikum 'yan uwa. Asabar ɗin da ta wuce na je gwanjon kayan wani gida da magada suka sayar. Jama'a sun yi caa a kan firji da keken ɗinki, ni kuwa idona ya faɗa kan wani akwatin ƙarfe a lungun zaure, cike da jaridu an ɗaure su da tsumma. Da na ɗaga ta sama sai gabana ya faɗi: Gaskiya Ta Fi Kwabo ce, ta yi jawur, gefenta na marmashewa a yatsa. Wanda muka yi takara da shi mai tsire ne, shi nauyin takardar yake aunawa. Na taya dubu uku, ya ƙara ɗari biyar, haka muka yi ta ja har ya janye a dubu bakwai. A gida na ƙirga guda 41, mafi tsufa ta 1944 ce, da labarin sojojinmu a yaƙin Bama. Jaridar da aka fara bugawa a garin nan a Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta, saura ƙiris a naɗe tsire da ita. Wa ya taɓa shiga irin wannan cinikin? Kuma yaya kuke adana su?

Dattijo, Ƙofar Doka

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya yi maka albarka da ka tsaya. Ni ban taɓa rasa takarda a hannun mai taya ba, gara ce ta cinye ni. Mahaifinmu ya bar ƙananan littattafan Hukumar NORLA, hukumar buga littattafai ta Jihar Arewa, wadda ta yi aiki daga 1954 zuwa 1959, har da 'yan kwafin Bazazzaga, jaridar lardin Zazzau. Na zuba su a kwali na ajiye a ƙasa jikin bangon ƙasa. Damina biyu ban leƙa ba. Ranar da na ɗaga kwalin, gindinsa ya zauna a wurin, ciki duk ƙasa ce ja. Na zauna na yi hawaye, ba na jin kunyar faɗa.

Don haka ka ɗora akwatin nan a kan benci, nesa da bango, ka riƙa buɗewa. In kuma za ka sayi littafi, duba farashin da aka buga a bangon littafin. In ka ga sule da sisi, an buga shi kafin naira ta zo a 1973. In ka ga sunan NNPC, kamfanin buga littattafai na Arewa, to bai riga 1966 ba, komai tsufan da dillali zai rantse maka da shi.

Malamar makaranta, Samaru

Baba, sannu da wannan rashi. Tawa ɓarnar da hannuna na yi ta. Na sayi Nigerian Citizen guda shida a wajen wani mai tsofaffin littattafai a Sabon Gari, ita ce jaridar Turancin da Kamfanin Gaskiya ya fara fitarwa a 1948. Saboda son in nuna wa ɗalibaina, na kai biyu aka manne su cikin leda da injin zafi. Bayan shekara launin ya canja, kuma babu yadda za a cire ledar ba tare da takardar ta tsage ba. Wata kuma na liƙe yagewarta da salatef, yanzu wurin ya zama tabo mai maiƙo har rubutun ya dushe. Yaya mai buɗe zance, kada ka liƙa komai. Shimfiɗa su, kada ka ninke, sa farar takarda tsakanin kowace biyu, ka ɗauki hoton kowane shafi kafin ka bari kowa ya taɓa.

Ɗalibin zaure, cikin birni

Ku kuna maganar bugun inji, ni abin da ke ci min rai rubutun hannu ne. Bara wani dillali ya kira ni in ga gafaka. Littafin fiƙihu ne, tawada baƙa da ja, malami ya cika gefe da sharhi cikin ajami. Da na ɗaga warƙa ɗaya ga hasken ƙofa sai ga alamar jinjirin wata guda uku a jikin takardar, irin ta Italiya da fatake ke kawowa ta hamada. Irin waɗannan ba a ɗinke su, kalmar da ke ƙasan shafi ita ke nuna maka wanda ke biye. Na bi kalmomin, sai na tarar kusan rabi babu, har da shafin ƙarshe inda marubuci kan sa sunansa. Ashe wajen rabon gado aka kasa littafin gida uku. Ban taya ba. Na je na sami babban gidan, na roƙe shi su haɗa shi wuri guda, ko su bari masana daga Jami'ar Ahmadu Bello ko Gidan Arewa na Kaduna su ɗauki hotonsa. Ya saurare ni da kyau, ya ce zai tuntuɓi 'yan uwansa. Har yau ina jira, kuma ina tsoron kada wani kason ya riga ya bar ƙasar.

Ma'aikaci, Kongo

Ni gwanjon intanet na shiga, a kan ƙamus ɗin Hausa da Turanci na Bargery bugun 1934, yana hannun wani a Ingila. Na kwana ido biyu, saura daƙiƙa kaɗan a rufe wani ya ɗora a kaina. Karo na biyu na samu, amma kuɗin aikowa ya kusa kamo kuɗin littafin. Ka nemi hoton shafin farko da na ƙarshe kafin ka taya, don akwai sabon bugu da ake tallatawa da shekarar asali.

Mai buɗe zance

Na gode ƙwarai. Baba, tun jiya akwatin yana kan benci. Malam na cikin birni, wani daga cikin magadan da na saya a hannunsu ya ce akwai gafaka biyu da ba su fitar ba. Na ce kada su taɓa sai na zo da wanda ya san karatun. In kana da sarari ranar Alhamis bayan la'asar, mu je tare.