Masu jakar goyo ne ke kashe Venis?

Kawu na Mestre: Assalamu alaikum. Na ji yaranmu na Torino suna shirin zuwa Venis, garin nan na Italiya da ke kan ruwa, ranar Asabar, su sauka da safe su juya da dare, burodi da ruwa a jaka. Zan faɗi abin da ke raina ko ba zai yi daɗin ji ba: irin wannan zuwan ne ke kashe garin. Kullum nake tsallaka gadar Libertà daga Mestre, ɓangaren garin da ke kan tudu, zuwa aiki, ina gani da idona. Jirgin ƙasa ya juye mutane a tashar Santa Lucia, kowa ya bi hanya ɗaya, gadar Rialto, dandalin San Marco, a ɗauki hoto, a juyo. Ba a bar wa garin komai ba sai shara, ita ma da amalanke ake turata har bakin ruwa a zuba a jirgi, tunda mota ba ta shiga. A 1951 mutum kusan 175,000 ke zaune a tsohon garin, tun 2022 kuwa ba su kai 50,000 ba. Wanda guzurinsa bai kai ba ya haƙura, ga Verona, ga Padova.

Ɗan Torino: Wa alaikumus salam Kawu. Allah ya huci zuciyarku, amma burodina ne ya kori duk mutanen nan?

Hajiya ta Brescia: Yaron nan ya yi tambaya mai kyau. Malam, mutane sun fara barin garin tun kafin a san masu jakar goyo, wato masu yawon buɗe ido da ƙaramin guzuri. Aiki ya koma masana'antun Marghera da ke kusa da Mestre, gidajen Mestre ba sa shan ruwa, ga ambaliyar 1966 da ta kai santimita 194. Wanda ya rage kuma haya ce ke korarsa. Mai gida ya gane abin da baƙo zai biya a 'yan kwanaki ya fi abin da iyali za su biya a wata, sai ya mai da gidan masauki. A 2023 gadajen baƙi suka zarce yawan mazauna. Su wa ke kwana a gadajen nan? Masu kuɗi. Manyan jiragen yawon buɗe ido da aka hana bi ta mashigin Giudecca a 2021, su ma ba talakawa suke ɗaukowa ba.

Kawu na Mestre: Hajiya, ban musa maganar haya ba, ita ta sa nake Mestre. Amma hukumar garin da kanta wa ta ɗora wa kuɗin shiga? Masu zuwa su koma a yini. Ranar 25 ga Afrilun 2024 aka fara, yuro 5, daga 8:30 na safe zuwa 4 na yamma, kwanaki 29 a shekarar. A 2025 aka kai kwanakin 54, wanda ya makara wajen rajista kuma yuro 10. Ba don nishaɗi suka yi ba. Ki tsaya a lungu da hantsi ki ga mai tura kaya, katan-katan na ruwa a amalanke, yana hawa matakalar gada ɗaya bayan ɗaya yana roƙon a ba shi hanya, mutane sun tare gadar suna hoto. Tsohuwa da jakar cefane ta rasa wurin tsayuwa a jirgin ruwan haya. Wannan ba mai gidan haya ba ne ya jawo shi.

Ɗalibar Padova: Kawu, da izininku. Mu mazauna Veneto, yankin da Venis take ciki, ba ma biya, shi ya sa nake yawan leƙawa, kuma ko a ranakun karɓar kuɗin ban ga Rialto ta yi sauƙi ba. Abin da na lura, cunkoson na awanni ne, kuma na layi ɗaya ne. Ƙarfe 7 na safe dandalin San Marco sai masu shara da tantabaru. A unguwar Cannaregio ko can cikin unguwar Castello, da tsakar rana ma za ka ji takun ƙafarka, ga shanya an rataye daga taga zuwa taga, yara na buga ƙwallo a fili. Mai ƙaramin guzuri shi ya fi kaiwa can, don da ƙafa yake yawo. Tikitin vaporetto, wato jirgin ruwan haya, ɗaya yuro 9.50 ne, kwalekwalen gondola yuro 90 rabin awa. Shi kuwa sai ya ba da yuro 2 a traghetto, kwalekwalen fito, a tsallakar da shi Babban Mashigi, ya cika gorarsa kyauta a famfunan titi, ya sayi cicchetti, ƙananan abin taɓawa, na kifi a ɗan shagon ɗan gari. Kuɗin kaɗan ne, amma a hannun mazauni yake faɗawa. A dai riƙa tambaya, wasu da naman alade ake yi.

Kawu na Mestre: 'Yata, ke ce mai zuwa Castello. Cikin waɗanda jirgi ke saukewa nawa ne irinki? Kin manta Jamusawa biyu masu jakar goyo da suka kunna ɗan risho suna dafa kofi a matakalar Rialto a 2019? Tarar yuro 950 aka ci su, aka ce su bar garin.

Ɗan Torino: Wannan rashin ladabi ne Kawu, ba rashin kuɗi ba. Ko a gida ba ka zauna a ƙofar gidan mutum ka hura wuta. Mu ba za mu zauna a gada mu ci abinci ba, mun san haramun ne a dokarsu. Abin da ya yi mini ciwo shi ne a ce garin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya tun 1987, sai mai iya biyan otal a bakin ruwa ne zai gan shi.

Hajiya ta Brescia: To ku kwana mana. Mestre cikin ƙaramar hukumar Venis take, wanda ya kama ɗaki a can ba ya biyan kuɗin shiga, harajin kwana kawai, amma ya karɓi shaidar keɓewa a waya. Jirgin ƙasa minti 10 ne da 'yan kai. Ku shiga da sassafe, in rana ta take ku tafi tsibirin Burano daga tashar jirgin ruwa ta Fondamente Nove, ku dawo bayan taro ya watse.

Kawu na Mestre: Mai kwana a Mestre ma ai a lungun nan zai yini, Hajiya, kuma hayarmu nan ta fara bin sahu. Ban sauka daga maganata ba. Amma in dole sai kun zo, kada ku zo Asabar, kada ku zo da bazara. Ku zo Alhamis ku kwana, mu yi Juma'a tare a Marghera.

Ɗan Torino: Mu huɗu ne Kawu, ɗaya yana aiki Alhamis. Bari in tuntuɓe shi ko zai samu canji, zan sanar da ku yau da dare in sha Allah.