Neman shawara: ganin likita ta waya tun ciwo bai zo ba

Baban Hadiza, Birni: Salamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 46, ina da shago a kasuwar Dole. Hawan jini ne ya shanye wa mahaifinmu ɓarin jiki, shekara uku yana kwance, mu ke juya shi, har Allah ya karɓi abinsa. Ni lafiyata lau, amma tun da aka ce yayata ma ta kamu hankalina bai kwanta ba. Ƙanena da ke Yamai ya turo min lambar wani likita, wai ta bidiyon WhatsApp yake ba da shawarar kariya, a biya shi ta waya. Rufe shago in wuni a layin asibiti yana min wuya. Abin nan yana da amfani kuwa?

Maman Ummi, ma'aikaciyar jinya: Allah ya jiƙan Baba. Alhaji, yana da amfani, amma kar ka kira shi hannu rabbana, don waya ba ta awon jini. Hawan jini yakan yi shekaru bai nuna alama ba, jin ƙarfin jiki ba hujja ba ce. Ka je CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, mafi kusa a auna ka a zaune, bayan ka huta minti 5, kuma kar ka sha shayi kafin awon. Ka sake a wata ranar, ka rubuta duka a takarda. In awon yana kai 14/9 (wato 140/90) ko ya wuce, sai an gan ka ido da ido. Ka haɗa da awon suga da safe kafin ka karya. Da lambobin nan a hannunka likitan zai san abin da zai faɗa maka.

Malam, Garin Malam: Ni dai an taɓa cuta ta. Na tura jaka biyar, mutumin bai tambaye ni ko shekaruna ba, ya hau tallar wani magani nasa. Ka tambayi asibitin da yake aiki, ƙanenka ya tabbatar yana da rajista a ƙungiyar likitoci ta ƙasa.

Hajiya, Sabon Gari: Ɗana, ranar kiran ka zaunar da uwargida kusa da kai, ita ke riƙe da tukunya. Gishirin da aka yarje wa babba a wuni bai kai giram 5 ba, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙule da kanwa duk suna cikin lissafi. Maigidana sai da aka rage masa kilishi da sugan shayin fada.

Maman Ummi: Na manta. In baki ya karkace, hannu ya mutu, magana ta sarƙe ko ƙirji ya riƙe, ba a tsayawa neman layi. Babban asibitin Damagaram kai tsaye, ko tsakar dare ne.

Baban Hadiza: Allah ya saka da alheri. Gobe zan biya CSI kafin in buɗe shago. Ruwa ma ba a sha kafin awon sugan?

Maman Ummi: Ruwa zalla ba komai. Ban da koko da shayi, kuma a samu awa 8 tun abincin dare.