Neman suna: me za mu kira motar da ke tafiya ba direba?

Mai shirin rediyo, Katsina: Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Gobe da ƙarfe takwas na safe ina da shiri kan motocin nan da ke ɗaukar fasinja ba kowa a kujerar direba, kuma har yanzu ban tsayar da suna ba. Kamfanin Waymo, wanda Google ya fara aikinsa a 2009, tun 2020 yake jigilar jama'a haka a birnin Finiks na Amurka, yanzu har San Faransisko. Baidu ma na yi a Wuhan ta ƙasar Sin. Kyamarori da na'urar rada mai gano abu daga nesa da wata na'ura mai auna nisa da hasken leza su ne idanun motar, kwamfuta ce ke riƙe da sitiyari da birki. Na rubuta "mota maras direba", na goge, na sake rubutawa. A taimaka mini kafin isha'i.

Malamar Hausa, Ƙofar Marusa: Wa alaikumus salam. Ai hanya a buɗe take, ƙanena. Kunnen mutane ya saba da "jirgi maras matuƙi". Ka ce "mota maras matuƙi".

Ɗalibi a Jami'ar Sufuri, Daura: Malama, a gafarce ni, akwai gyara. Jirgin nan galibi yana da matuƙi, a ƙasa yake zaune yana sarrafa shi. Motar kuwa ita ke yanke shawarar tsayawa da kauce wa mutum. Sannan masana sun kasa abin mataki-mataki, daga 0 zuwa 5. Abin da Tesla ke kira Autopilot mataki na 2 ne: motar na riƙe layi da gudu, amma dole idon direba ya kasance a kan titi. Ta Waymo mataki na 4 ce, tana tafiya ita kaɗai amma cikin yankin da aka zana mata taswira. Suna ɗaya ba zai ɗauki biyun ba.

Bakanike, Ƙofar Ƙaura: Kowane za a ɗauka, ban da "mai sarrafa kanta". A gareji duk wanda ya ji haka otomatik zai fahimta, wadda ba a sa mata giya da hannu.

Baba, tsohon malamin firamare, Daura: Yara, duk kun bar gini kuna tamkar rufi. "Direba" ba Hausa ba ne. Ni sunan da na daɗe da shi a raina shi ne *san-hanya*. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san jakin da za a ɗora wa dami a gona, a sake shi, ya kai kansa ƙofar gida ba mai kora. To wannan ita ce motar taku. Gajere ne, namu ne, kuma yaro zai riƙe shi.

Malamar Hausa: Allah ya ƙara girma, Baba, sunan yana da daɗi a baki. Amma in za mu kori "direba" sai mu kori "mota" da "birki" da "taya". Kalmar da ta yi jam'i irin namu, direbobi kamar tagogi, ta riga ta zama 'yar gida.

Baba: Haka aka riƙa cewa har yaranmu suka kasa ƙirga kuɗi da Hausa. Ana yi wa Daura kirari da tushen Hausa, ba zan zauna a nan in ga ana aro alhali rumbu cike yake ba. Kuma ina jin ciwon yadda komai sai an jira Kano ko gidajen rediyon waje sun faɗa kafin mu yarda kalma ce.

Mai fassara, Kano: Baba, ranka ya daɗe, Kano ba ta hana kowa ƙirƙira ba. Daidaitacciyar Hausa a kan karin Kano aka fi gina ta, wannan tarihi ne, ba fin ƙarfi ba.

Bakanike: To ku da kuka ba mu "a daidaita sahu", mu nan ai Keke Napep muke cewa, kuma muna hawa lafiya.

Mai fassara: Wanda rabinsa ba Hausa ba ne!

Direban Katsina zuwa Daura: Ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma ku ba ni dama. Sunan mota a tasha ake raɗa shi. "A kori kura" da "shiga da alwala" wane malami ya zauna ya tsara su? Ranar da motar ta iso, 'yan kamasho za su sa mata suna kafin azahar. Abin da ya dame ni daban ne. Ku riƙa cewa "maras direba" a rediyo, yaran motarmu da masu Keke su ji kamar an gama da sana'arsu. Ni wannan hanya na san inda garken shanu ke tsallakawa, na san ranar kasuwar Mashi yadda titi ke cika, na san ɗan acaɓa zai shigo ba sigina. Wani ramin ma ruwa ke rufe shi da damina. Kuma fasinja ba kaya ba ne: tsohuwa za ta ce a tsaya ta yi salla, wani kuɗinsa bai cika ba ka yafe masa. A faɗi wannan ma a shirin, don Allah.

Ɗalibi: Gaskiya ne, Kawu. Ko a can ba a tsira ba. A Maris na 2018 motar gwaji ta Uber ta kashe wata mata mai tura keke da dare a jihar Arizona, kuma akwai mutum zaune a kujerar direba, hankalinsa ba ya kan titi. Shi ya sa nake tsoron *san-hanya*, Baba. Yabo ne, yana sa mutum ya saki jiki. Wanda ya sayi mota mai mataki na 2 ya ji an ce ta san hanya, zai iya sakin sitiyari.

Baba: Jaki ma yana tuntuɓe, ba a fasa cewa ya san gida ba.

Malamar Hausa: Ga shawara, lokaci na tafiya. Mai mataki na 4 a ce "mota mai tuƙa kanta", tun da "tuƙi" tamu ce tun daga kwalekwale, Baba ba zai yi ƙorafi ba. Mai mataki na 2 kuma "mota mai taya tuƙi".

Bakanike: "Mai taya" za a ji kamar tayar roba. A ce "mai taimaka wa direba".

Mai shirin rediyo: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ɗauki "mota mai tuƙa kanta" da "mai taimaka wa direba". Kawu, in za ka samu zuwa gobe, zan so masu sauraro su ji maganar nan daga bakinka. Baba, zan ambaci *san-hanya* a ƙarshen shiri, in tambayi masu kira ra'ayinsu.

Baba: Kalma huɗu a inda ɗaya ta isa, ban gamsu ba. Amma ka faɗe ta a hankali, kuma ka ce daga Daura ta fito.